Fararen Takardun Malam Cindo

A garin Jambirji akwai wani littafi wanda rabinsa rubutu ne, rabinsa fari fat. Malam Cindo mai yatsa shida ne ya bar shi, mutumin da ya haƙa rijiyar farko ta garin shekara ɗari biyu kafin wannan labari. Daga cikin littafin nan ake fitar da ranar shuka. In bazara ta tsufa, magajin gidan Cindo ya yi alwala, ya kwance gafaka, ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya fito ya ce wa gari, "Rana kaza." Ba mai ɗaga sungumi kafin ranar, ba mai jinkiri bayanta.

Rabin da ke da rubutu kowane mai karatu zai iya binsa. Fararen takardun kuwa cewa ake yi an rubuta su da tawadar da idon mai zunubi ba ya gani, kuma a can ainihin asirin yake. Mutanen Jambirji sun ji daɗin wannan tsari ƙwarai, don ya ɗauke musu wahalar ɗaga kai su dubi sama. Mutum ya ba da wuyansa a ja shi, in dai ba za a ce ya yi tunani ba.

Sai aka yi shekara uku a jere ana shuka bisa faɗar littafi, tsiro ya fito, ruwa ya ɗauke, gona ta ƙone. Rumbuna suka koma gidan ɓeraye. Kowane gida ya rage da ƙwarya guda ta irin gero, an rataye ta inda hannun mai jin yunwa ba zai kai ba. In wannan ta mutu a ƙasa, Jambirji ta tashi.

A ranin nan magajin littafi ya rasu, gado ya faɗo kan ɗansa Nomau, magidanci ɗan shekara arba'in. Ƙanen mahaifinsa, Baffa Jatau, ya miƙa masa gafakar ya ce, "Ka ga amanar gidanmu. Mun karanta, iyayenmu sun karanta. Kai ma ka shiga ka karanta."

Nomau ya shiga, ya buɗe, bai ga komai ba. Ya yi azumi kwana bakwai, ya nemi gafarar duk wanda ya taɓa yi wa kallon banza, ya sake buɗewa. Takarda ce fara, sai sawun kyankyaso a gefe guda.

Matarsa Dela ce kaɗai ya iya gaya wa. Tana tsakar gida tana kama fara tana ba wata shamuwa. Tsuntsuwar ta karye a fiffike tun kaka, 'yan uwanta suka tafi suka bar ta.

"Ban ga ko ɗigo ba, Dela. Ban san laifin da na yi ba."

"Laifinka ɗaya da na sani shi ne minshari. Malam, bara na sa hannu a ƙasar gonarmu ranar da aka ce a shuka, ko yatsa ba ta sha ba. Na faɗa wa mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, ya ce in je in duba tukunyata."

"Ana maganar ilmi, Dela."

"To. Ilmi ya ci mana ƙwarya uku. Saura ɗaya."

Ta shige madafa. Rana na tsaka, Nomau na zaune ya dafe kai, sai shamuwar ta gyara tsayuwa a kan ƙafa ɗaya ta ce, "Magajin Cindo, na ci abincin gidanka wata bakwai, kuma ba a san zuriyata da butulci ba. Tambaya guda gare ka. Yi."

Nomau bai tsaya mamaki ba, ya ce, "Ina zan sami maganin da zai buɗe idona in karanta fararen takardu?"

Shamuwa ta dube shi da ido ɗaya, ta daɗe tana dubansa. "Abin da ka tambaya shi zan amsa. Sauka rijiyar Cindo wadda ta ƙafe. Za ka ratsa gidajen nan huɗu da aka gina duniya da su, aka gina ka da su, ruwa da iska da wuta da ƙasa. Ɗan Adam ƙaramar duniya ne, don haka kowane gida zai ga nasa a jikinka ya karɓi wani abu. Ka bayar, kada ka yi ciniki."

Ya rataya gafaka, ya ɗauki sanda da ɗan guzurin garin kuka, ya sauka.

Rijiyar da aka sani gaba ashirin ce, ya yi kwana biyu yana sauka bai taka ƙasanta ba. A na uku ya faɗo bakin wani kogi mai gudu sama. Ruwan ya miƙe tsaye kamar bishiyar kuka, yana ruri, kifaye na hawa cikinsa. A gefensa mata ne baƙaƙe wuluk kamar an tsamo su daga marina, dubbai, kowace da guga, suna ɗiba suna ɗura wa gizagizai yadda ake ɗura tulu. Hannuwansu duk kanta. Babu mai waƙa a cikinsu.

Babbarsu ta ce, ba tare da ta daina ja ba, "Wane ne mai ƙamshin ƙura?"

"Gafara dai, Uwar Guga. Nomau ne, jikan Cindo na Jambirji. Ruwanku ya daina zuwa ranar da littafi ya ce, ni kuma idona ya kasa karanta sauran."

"Littafi ya ce. Mu ba a taɓa kawo mana littafi ba, ɗan Adam. Cikawa muke yi, ba mu ke korawa ba. Tun ranar da aka ba ni gugan nan ban ajiye shi ba, kuma ban rage ko cikin tafi ba. Tambayi iska. Amma bar mana namu."

Ta shafi fuskarsa da jiƙaƙƙen hannu. Daga ranar nan Nomau bai ƙara zubar da hawaye ba, idanunsa suka zauna da raɗaɗi kamar an watsa musu yashi. Suka miƙa masa igiyar guga ya ƙetare a kanta, kadoji masu girman ɗaki suna hamma a ƙarƙashinsa.

Ya yi ta tafiya har takalmansa suka rabu da shi. Ya isa wani gari da ba shi da bango ko ɗaya, sai ƙofofi tsaye a fili, ɗaruruwa, suna buɗewa suna bugawa. In ka bi ta wadda ba daidai ba, ka sami kanka a inda ka fito jiya. Sau biyar yana komawa baya. A na shida ya lura da ƙofar da ciyawa ke kwantawa wajenta, ya bi ta nan, ya tarar da babbar riga zaune a kan buzu, da rawani a samanta, ba kowa a ciki.

Rigar ta yi magana, muryar na fitowa ta hannuwa da wuya gaba ɗaya. "Maraba da baƙo. Ni ne Magajin Guguwa. Na ji buƙatarka tun kafin ka faɗa, don duk maganar da aka yi a duniya ni ke ɗaukarta. Ga abin da kake nema."

Wani ɗan tandu na azurfa ya mirgino gabansa, cike da kwalli. Nomau ya shafa a idon dama, ya buɗe littafi. Sai ga rubutu ya cika takarda, baƙi da ja, mai kyan da bai taɓa gani ba. An rubuta ranar shuka, ita ce dai ranar da aka saba. An rubuta cewa gidan Cindo ba ya kuskure, kuma Nomau shi ne mafi tsarkin zuriyar.

Daɗi ya rufe shi. Sai maganar Dela ta faɗo masa, ya ce a ransa, to da a ce ranar ta ƙara kwana goma fa? Kafin ya ƙifta, baƙaƙen suka motsa kamar tururuwa, suka jeru, ranar ta ƙara kwana goma. Ya ce a ransa, da ta ragu fa? Ta ragu. Ya rufe idon dama ya duba da na hagu. Fari fat.

Ya daɗe riƙe da tandun. Da wannan kwalli zai koma gida ya yi shekara arba'in ana sumbatar hannunsa.

"Allah ya ja zamaninka, wannan abin da raina ke so yake nuna mini."

"Me kuma ɗan Adam ke nema a rubuce in ban da wannan?"

"Gero ba ya tsira da abin da raina ke so."

Ya goge idonsa da bakin riga, ya ajiye tandun. Rigar ta yi dariya har ƙofofin garin suka buga a tare. "Ka ƙi kyautar sarki. To ji. Ni zafi nake bi. Inda ya taru can nake kai gizagizai, ban san rana ba, ban san wata ba. Tambayi wuta. Amma numfashin da kake magana da shi nawa ne."

Wata 'yar iska mai sanyi ta shiga bakinsa ta fita da rabin muryarsa.

Gidan wuta bai daɗe a ciki ba, don ba mai daɗewa. Fili ne na baƙin ƙarfe, ya ratsa shi da tafin ƙafa yana toyewa. A tsakiya wani maƙeri mai ido ɗaya yana taka zuga-zugi, yana hura garwashin da rana ke ɗiba kowace safiya. Bai ko amsa sallama ba.

"Wutata ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba," in ji shi. "Ku ne kuka karkace. Da can gefen damarku nake gasawa, yanzu ƙeyarku nake gani. Sauka ka tambayi mai ɗauke da ku."

Ya miƙa awartaki ya zaro wani abu ja daga ƙirjin Nomau, ya jefa cikin wuta. Zafin zuciyarsa ne. Bayan wannan ko an zage shi sai dai ya duba.

Daga nan sai gangara. Ƙasa bakwai ya ratsa, ja da baƙa da fara da wata mai wari kamar tsohuwar rijiya, yana ja da ciki ta ramukan da gara ta bari. Garin kukarsa ya ƙare. A ƙasa ta bakwai wata tsohuwa ta yumɓu tana zaune, jikinta duk tsaga. Ta taɓa gwiwoyinsa biyu, ƙarfinsu ya zube kamar an kwance bakin buhu. Ta nuna masa wani rami a ƙarƙashin tabarmarta.

Ya zura ƙafa ya ji ya taka abu mai santsi, fari, mai faɗin kasuwa. Ya yi kwana tara yana dogara sanda yana gangarawa a kansa kafin ya gane ƙaho ne. A gindin ƙahon akwai kunne kamar kogon dutse, can ƙasa ido kamar tafki. Bijimin da ke ɗauke da duniya ke nan, yana tsaye a bayan wani kifi, kifin a cikin ruwan da Allah kaɗai ya san iyakarsa. Duniya duka, da duwatsunta da garuruwanta, tana zaune a kan ƙahonsa na hagu.

Nomau ya durƙusa a bakin kunnen, ya tattara sauran muryarsa. "Sannu da aiki, mai babban kaya."

Idon ya juyo a hankali. "An daɗe ba a yi mini sannu ba. Kafin ka faɗi abin da ya kawo ka, akwai wuri a gindin ƙahon nan da ke yi mini ƙaiƙayi shekara ɗari biyu. Sandarka za ta kai."

Nomau ya yini yana sosa. Wurin ya yi kanta, ya tsattsage, irin wuyan jakin da ya tsufa a ƙarƙashin mangala. A gefen tsagar ya ga sawun tafin hannu a cikin dauɗa, yatsa shida.

"Kakana ya zo nan."

"Ya zo. Shi ma ya iya susa. Faɗi."

Nomau ya faɗi komai, da iri, da littafi, da idonsa.

Bijimin ya yi numfashi, can sama wani teku ya cika ya janye. "Lokacin da mai yatsa shida ya zo, kayan nan a ƙahon dama suke. Wuyana ya gaji, na mayar da su hagu, da izinin wanda ya ɗora mini. An umarce ni in ɗauka, ba a ce mini ba zan gaji ba. Nan gaba zan sake juyawa. Wa ya gaya muku abin da ke kan mai rai zai zauna wuri ɗaya?"

"To ka gaya mini ranar shuka, don girman wanda ya ɗora maka."

"Ɗan Adam, ban taɓa ganin ruwan sama ba. Labarinsa nake ji, in ƙasa ta ƙara nauyi na ce yau ana ruwa a can. Kai ke bisa, da ido biyu da hannu biyu, ka bar sararin sama ka sauko ƙasa bakwai kana tambayar wanda kansa ke ƙarƙashin kaya. Kakanka ma haka ya yi, na ba shi amsar nan. Ya ce zai koma ya duba da kansa, ya rubuta abin da ya gani har ya mutu, ya bar wa 'ya'yansa sauran takarda su ci gaba. Sun ci gaba?"

Nomau ya buɗe littafin ta farkonsa, inda tun yana yaro aka koya masa ya tsallake zuwa lissafin kwanaki. Kowace shekara da kalma ɗaya ta fara. Na ga gawo ya fara zubar da ganye. Na ga shamuwa ta sauka a tsamiyar masallaci. Na sa hannu a ƙasa, ta sha har gwiwar hannu, na ce a shuka. Shekara arba'in da ɗaya haka, sannan rubutu ya tsaya, fari ya fara.

Ya so ya yi kuka, ba hawaye. Ya so ya yi fushi, ba wuta. Ya tuna ya zauna gaban shamuwa da tambaya guda a hannunsa, bai ce mata yaushe 'yan uwanki za su dawo ba.

"Na gaji," in ji shi.

"Ni ma," in ji Bijimin, ya yi ajiyar zuciya. Ajiyar zuciyar nan ce ta ɗauki Nomau kamar ƙaiƙayi ta ratsa da shi ƙasa bakwai, ta ajiye shi a bakin rijiyar Cindo da hantsi.

Ƙasa na ƙamshi. An yi ruwan farko da safiyar nan, kuma ranar ta dace da lissafin da aka saba. Gari duka na dandali, maza da sunguma, mata da ƙoren iri a ka, Baffa Jatau a tsaye zai yi sanarwa. Da ƙyar suka gane Nomau, ya rame, yana jan ƙafa.

Ya je tsakiya ya kwance gafaka a gaban kowa, abin da ba a taɓa yi ba, ya ɗaga fararen takardun sama. Muryarsa ba ta kai nesa, sai da Dela ta matso tana maimaitawa da ƙarfi.

"Ba komai a nan. Ba a taɓa rubuta komai ba. Mu aka bar wa mu rubuta."

Baffa Jatau ya kama hannun rigarsa, ya kai baki kunnensa. "Rufe, ɗan nan. Shekara hamsin ina jira in ga ko wasali ɗaya. Mahaifinka ma bai gani ba, ya faɗa mini yana kan gargara. Amma wannan ba maganar dandali ba ce. Kana so a ce gidanmu ƙarya ya ci shekara ɗari biyu?"

"Baffa, iri ne na ƙarshe."

"Mutunci ma na ƙarshe ne."

Nomau ya durƙusa da wahala, ya tona ƙasa da hannu. Danshi ya tsaya a yatsu huɗu, ƙasansa gari ne busasshe. Ya ɗebo ya nuna. Ya nuna gawon bakin dandali, ganyensa lif bai fara zuba ba. Ya nuna tsamiyar masallaci, ba shamuwa ko ɗaya. Ya ce a jira.

Baffa Jatau ya gyara rawani ya ce da babbar murya, "Tafiya ta taɓa kan yaron nan. Ni na karanta. Yau ne."

Wani daga baya ya ce, "Wanda ya fito daga rijiya zai koya mana sama." Aka yi dariya. Kashi biyu cikin uku na garin suka bi Baffa zuwa gona, don muryarsa ta fi ƙarfi kuma abin da ya faɗa shi aka saba ji. Sauran suka tsaya, yawancinsu don matansu sun zauna a kan ƙoren iri sun ƙi tashi.

Tsiro ya fito kore shar. Kwana shida ana yi wa Nomau waƙar zambo a bakin rijiya. Amma tun daga ranar shuka sama ta bushe kwana goma sha tara, tsiron ya kwanta ya zama toka. A rana ta ashirin shamuwoyi suka sauka a tsamiya, ta gidan Dela ta buɗe fiffike ta bi su. Gawo ya zubar da ganye. Aka yi ruwa wuni guda, Nomau ya sa hannu ya nutse har gwiwar hannu, ya ce a shuka.

Ƙwarya ɗaya aka raba wa gida uku. Abin da aka girbe bai cika rumbu ba, amma ya kai gari ga wata damina, ya bar iri. Kada a zaci an gode masa. Waɗanda gonarsu ta ƙone cewa suka yi shi ya kore albarka da ya buɗe littafi a bainar jama'a, kuma har ya mutu wasu ba sa amsa sallamarsa. Bai ji haushi ba. An riga an cire masa wurin jin haushin.

Bayan kaka ya zauna a zaure da littafin a cinya. Baffa Jatau ya shigo ba sallama, ya ajiye 'yar kwalbar tawada da alƙalamin da ya feƙe da kansa, ya zauna can gefe yana kallon bango.

Nomau ya tsoma, ya rubuta a farar takarda ta farko, Na ga shamuwa ta makara kwana ashirin.

Dela ta leƙo daga tsakar gida. "Malam, ka sa cewa ni na fara faɗa."

Ya sa.

"Ka sa har da na bara."

Ya sa har da na bara. Baffa ya yi gyaran murya ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ka rubuta an shuka ranar ruwan farko, ya mutu. Ba sai ka sa suna ba."

Da ya gama, Nomau ya juya takarda ta gaba. Ya san mutanensa. Saboda haka ya rubuta a samanta da manyan baƙaƙe, yadda ko mai hakiya zai gani: Wannan takarda fara ce, babu komai a cikinta. Kai mai zuwa, ajiye littafi, fita ka duba.

Iyakar abin da ya iso gare ni ke nan na labarin Nomau. Wani fatake da ya ratsa Jambirji ya ce mini littafin na nan, an yi masa sabuwar gafaka mai ado. Rubutun Nomau shekara goma sha bakwai ne, daga nan fari ya ci gaba. In bazara ta tsufa, magaji ya yi alwala, ya shiga ɗaki, ya rufe ƙofa, ya rera "ajiye littafi, fita ka duba" sau uku da murya mai daɗi, jama'a na waje suna cewa amin. Sannan ya fito ya faɗi ranar da Nomau ya shuka a shekararsa ta ƙarshe.

Can ƙasa kuwa, wuyan Bijimin ya fara tsami.